Yakuwar da na ɗaura wa tsumma

A unguwar Treichville, nesa da ƙasarmu, muna hawa na uku, ɗaki biyu da falo, kuma taga ɗaya ce kawai ke samun rana sosai. A bakinta na jera gwangwanayen tumatir da na huda wa gindi da ƙusa. Ƙasa daga bayan masallaci na ɗebo, taki kuwa maigida ke kawo mini busasshe a leda daga wajen masu shanu, da yake nama yake sayarwa. Ruwa ba kullum yake hawowa sama ba, sai na riƙa alwala a cikin roba ina ba shukar abin da ya taru.

Akwai na'ana'a, akwai alayyahu da albasa mai lawashi. Waɗannan ko sun mutu, kasuwar Adjamé na nan. Yakuwar ce ba ta da madadi. Irinta daga bayan ɗakin mahaifiyata ya fito, ita ta ƙulle mini gurguzun a bakin zane zuwana na ƙarshe, kafin ta rasu. Kowace shekara nakan bar tushe guda ba na tsinka, har ya yi 'ya'ya su bushe in sami na shukawa. A garinmu tsumma ake ɗaura wa irin wannan tushen, kowa ya gani ya san ba na miya ba ne. Haka na yi, ban kuma taɓa tunanin abu ne da ake faɗa wa mutum da baki ba.

Shekarar da ƙanwata ta haihu a unguwar Bracodi na tafi zaman jego, na bar gidan a hannun babbar 'yata. A ƙasar nan aka haife ta, Faransanci ya fi zama a bakinta. Ranar da na dawo, tun daga matakala na ji ƙamshin miya.

"Mama, zauna kawai," in ji ta. "Yau ni ce patron, girki a hannuna yake. Tuwo da miyar yakuwa, irin ta ƙauyenku."

Na leƙa taga. An yanke yakuwar duka, har ƙasa.

"'Yar nan, wadda ke da jan ƙyalle fa?"

"Ai ita na fara yanka. Ba alama kika sa ba, ita ce mai kyau?"

Ubanta yana tsakiyar loma ya ce, "To, kin yanka uwar garke." Ya yi dariya, ya dubi fuskata, ya daina.

Na wanke hannu na ci. Gishiri ya ɗan yi yawa, amma miyar ta yi daɗi, na kuma gaya mata haka. Bayan an kwashe kwanuka muka zazzage kwandon shara ni da ita, muka tsince 'ya'yan da ta zubar. Kore ne shar, ba su ƙosa ba. Duk da haka na shanya su a faranti, da suka bushe na shuka a gwangwani biyu.

Ita ta karɓi ban ruwan da kanta, safe da yamma, kafin ta tafi makaranta da bayan ta dawo. Har damina ta wuce tana leƙawa. Babu abin da ya tsiro sai wata ciyawa, ita ma ta bar ta ta yi tsawo don ba ta tabbata ko yakuwar ce ba.