Ƙullutun Kiryar Gonarmu

Kiryar da ke gabas da gonarmu tana da wani ƙullutu a gindinta, girmansa ya kai tulu. Ina ƙarama, idan an tashi daga noma, nakan zauna in jingina kunne da shi, ina jin kamar wani abu na juyawa a ciki. Kakata ta sha kora ta, wai nan doguwa ke ajiye kayanta. Ni dai ban taɓa jin tsoronsa ba.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato lakkwal ta sakandare, a Dogon Dutsi, iskar farkon damina ta kayar da itaciyar. Kafin labari ya iso ni, yayana ya sayar da ita ga wani dattijo mai gawayi, don maƙera ba su da gawayin da ya fi na kirya. Ranar asabar na shiga motar kasuwa na tafi ƙauye. Aka ce gobe zai kunna wuta.

Kawuna masassaƙi ne, mai turmi da akushi, shi na roƙa ya raka ni wajen dattijon in sayo ƙullutun. A hanya ya yi ta ja mini kunne.

"Kada ki dube shi sau biyu. Ki taya guntun da ke kusa da shi, in an shirya ki ce a ɗora maki wancan gyara. Kin jiya?"

Na ce na ji.

Mun iske dattijon ya haƙa rami, ya jera gumagumai. Ƙullutun na gefe cikin rairayi, an datse shi. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na zuba ruwan gorata a inda gatari ya sara, sai zane ya fito, ja da baƙi suna nannaɗe juna kamar guguwa, da ƴan idanu ƙanana ko'ina. Na ce da ƙarfi, "Kawu, zo ka ga kyau!"

Kawu ya kama haɓa. Dattijon ya ajiye shebur yana murmushi.

"Nawa ne, Baba?"

"Jika goma."

Kawu ya ce, "Haba malam, ka ji tsoron Allah! Gawayinai bai cika rabin buhu."

"Gaskiya ne. Amma ɗiyar ga ba gawayi ta gani ba. Abin da ta gani nika saida mata."

Na taya jika biyu, ya ce albarka. Na ce uku, ya ce albarka, ya koma ga aikinsa. Kawu ya ƙwanƙwasa ƙullutun da ƙotar gizago ta nan da can, yana saurare. Wani gefen ya amsa da tauri, wani ya yi kuka irin na tulu marar ruwa.

"Rami na ciki," in ji shi. "Ga shi itace mai gardama, babu inda zarensa ya miƙe, bakin gizago kawai yake ci. Tashi mu tahi."

Na ce ba ni tashi. Jika biyar ke gare ni duk duniya, na tara su ne don takalmin ranar jarrabawa. Na fito da su na shimfiɗa bisa gwiwata. Dattijon ya kalle su ya ce a gusa, zai gangara da shi rami. Sai na hau kan ƙullutun na zauna, na gyara zanena.

"To, Baba, sai ka kunna da ni."

Matan da ke tsintar ƙirare suka fashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Wannan karatun lakkwal ne ko na iskoki?" Ni ba mai faɗa ba ce, ko a aji da ƙyar ake jin muryata. Amma na ci gaba da zama har inuwa ta koma bayana. Daga ƙarshe dattijon ya miƙo hannu.

"Kawo. Allah shi sa albarka. Ubanki ma haka yake, ba ya jin bari."

A amalanken jaki muka kai shi gida. Kawu ya shafe inda aka datse da kashin shanu don kada ya tsage, ya tura shi ƙarƙashin rumbu, ya ce ba mai taɓa shi sai ya shekara. Na yi jarrabawa da tsohon silifas.

Bayan shekara da muka buɗe shi, fiye da rabi ya ruɓe, tururuwa sun yi gari a ciki. Kawu ya yi dariya har da hawaye, wai na saya wa tururuwa gida da jika biyar. Abin da ya rage ya fitar da ɗan akushi, faɗin tafin hannu biyu, da huji a gefe. Kwana huɗu yana sassaƙa yana tsaki. Ya so ya toshe hujin da ƙaro, na hana. Ni na goge shi da rairayi da man gyaɗa har zanen ya tashi.

Ba ya riƙe fura, ba ya riƙe miya. Inna har yau tana ba baƙi labarinsa don a yi dariya. Duk wanda ya ɗaga shi ya tambayi nawa na saye shi, ina faɗa masa, ba na rage ko dala.