Katin Baba Mai Guga

Shekara talatin Baba Mai Guga ya yi yana sana'arsa a gida bai taɓa leƙa banki ba. Kuɗinsa a lalita suke kwana, lalitar kuma a ƙugunsa. Da 'yarsa da mijinta suka ɗauko shi zuwa ƙasar waje, ya sami aiki a ɗakin wankin wani otal, can ƙarƙashin gini, inda tururi ke jiƙa mutum har cikin kunne. Ranar albashin farko ya goge hannu ya miƙa, sai shugaban aiki ya yi dariya ya ce nan ba a biya a hannu. Aka ba shi kati da lamba huɗu.

Sau ɗaya ya gwada na'urar cire kuɗi da ke jikin bango. Yanar ido ta riga ta rufe masa idon dama, na hagu ma ya soma hazo. Ya danna ba daidai ba har sau uku, na'ura ta haɗiye katin, 'yan layi suna ta tsaki. Da aka ba shi sabo, sai ya miƙa wa mijin 'yarsa, direban tasi, har da lambar.

"Ungo, ɗana, kai ka san kan abin nan. Ka riƙa ciro mini na mota da na sabulu, sauran a tara na aikin ido."

"An gama, Baba," in ji surukin, a durƙushe. Wajen ladabi kam ba a fi shi ba.

Wata goma sha huɗu Baba bai tambaya ba. Ina aka taɓa titsiye mijin 'ya a kan kuɗi? Da likita ya ce in aka wuce bana idon hagun ma ya tafi, sai ya ɗauki fasfonsa, ya roƙi Dogo, abokin aikinsa mai jin yaren garin, ya raka shi banki.

Ma'aikaciyar ta karanto abin da ya rage. Ko burodin mako ba zai saya ba. Kowane wata, kashegarin albashi, ake kwashewa tas.

Dogo ya fassara masa sauran. "Ta ce in sata ce, ka cike takarda, 'yan sanda su duba hoton mai cirewa, wataƙila a mayar maka. In kuwa kai ka ba wani lambar, ba ruwan banki." Ya rage murya. "Baba, ka ce sata ce. Idonka ne fa."

Baba ya gane wanda ya kwashe kuɗin. Ya san takardun zaman 'yarsa da jikokinsa biyu duk a jikin na surukin suke rataye. In aka kama shi, gidan gaba ɗaya za a kora.

"Ce mata ni na cire."

"Baba!"

"Ni na cire, na ce."

Matar ta sa ya sa hannu, sannan cikin fara'a ta ba shi wata 'yar takarda mai koyar da tattalin kuɗi, da ƙananan rubutu kamar ƙwan kifi.

A gida ya zauna a sabuwar kujerar falo, ya shafa ta da tafin hannu. Yau ya san kuɗin wa ya saye ta. Surukin ya shigo da leda, ya durƙusa kamar kullum.

"Baba, na ga hasken titi na damunka, shi ne na sayo maka wannan."

Baƙin tabarau ne, irin na bakin hanya. Baba ya riƙe shi yana juyawa.

'Yarsa ta leƙo daga kicin, da ɗan ɓacin rai a muryarta. "Haba, Baba. Ko godiya ba ka yi masa ba."

Ya sa tabarau, falon ya ƙara duhu.

"Na gode, ɗana," ya ce. "Allah ya saka."