Inda Shanu ke Ƙetarewa

Yayana yana da wata tsohuwar motar a-kori-kura da yake kwasar hatsi da ita daga ƙauyukan Kebbe zuwa kasuwar Tambuwal. Mutum ne mai sanyin jiki, ni kuwa tun ina yarinya aka san ni da wutar ciki. Shi ya sa ba mu cika shan inuwa ɗaya ba.

Wata damina, da hantsi, maciji ya sari maigidana a gonar dawa. Aka kawo shi ƙafa ta kumbura, dasashinsa na zubar da jini. Maganin yana asibitin Tambuwal, mota kuma babu sai ta Yaya. Muka kwantar da shi a gaba, kansa a cinyata. Maƙwabta suka yi caa za su haye baya, Yaya ya ce mutum biyu kawai, su ma su zauna a ƙasa, ban da ɗarewa kan gefe.

Muka yi ta tafiya har muka iso wani rafi da ya cika ya batse da ruwan daren jiya. Sai Yaya ya taka birki, ya fita, ya cire takalmi, ya hau naɗe wando.

Na ce, "Yaya, mutum na mutuwa kai kana wanka?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Ruwanga ban san shi ba, na jiya daban ne."

Ya ɗauki sanda ya shiga yana dogarawa, daidai inda motoci suka saba bi. Bai yi nisa ba sandar ta nutse har hannunsa. Ya juyo, ya bi gaɓa, ya tarar da wani dattijon Bafulatani da garkensa. Daga nesa ina ganinsu suna gaisawa, har da tambayar lafiyar shanu! Wallahi ranar na faɗa wa Yaya maganganun da ba a faɗa wa na gaba.

Ya dawo ya ce, "Can sama inda shanu sunka ƙetare, ƙasan tsakuwa ce. Nan za mu bi."

Ya durƙusa a tayoyin gaba, ya murɗa wasu 'yan makullai da ke tsakiyarsu, ya shigo ya ja ƙaramar giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare. Ya sauke gilasai. Muka shiga ruwan a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, bai ƙara wuta ba, bai kuma tsaya ba. Ruwa na dukan ƙofa, ina ta salati. Da muka haye, ya riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan don ya bushe, sannan ya ba ta wuta.

Muka isa asibiti aka yi wa maigidana magani, ya tashi, alhamdu lillahi. Yana ɗan ɗingishi, yana kuma tsokanata wai muryata ce ta hana shi suma.

Da rani ya yi muka bi ta rafin nan, ya ƙafe. Na sauka na leƙa inda motoci suka saba bi, inda na so mu bi ranar. Ruwa ya ƙwaƙule rami wanda in namiji ya tsaya ciki ba za a ga hularsa ba. Na daɗe a tsaye ina kallon ramin.

Har yau Yaya bai taɓa tuna mini abin da na faɗa masa ba. Ni dai duk ranar da muka iso bakin ruwa ya fara naɗe wando, ni ce mai riƙe masa takalmi.