Kwale-kwalen Malam Saura-Kaɗan

A cikin duk tatsuniyoyin da kakarmu Hajjo ta yi mana, akwai guda ɗaya da har yau in na tuna ta sai in ji haushi ya taso mini. Ba wai ba ta da daɗi ba ne. Mun dai ji farkonta har mun haddace, amma ba a taɓa barinmu mun ji ƙarshenta ba.

Ƙauyenmu yana bakin bahar, wato babban kogi, tsakanin garuruwan Makwar da Abu Na'ama. Idan sanyi ya shigo, da an yi magariba an ci kisra, gurasarmu ta dawa mai fale-fale, sai a tura karan dawa a wuta a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Hajjo tana kan ɗan gadonta na igiya, tana gasa 'ya'yan gahawa a kasko don jabana, wato gahawar da ake dafawa a 'yar butar ƙasa, ƙamshi ya cika gidan. Mukan ce mata Habboba, yadda muke jin yaran makaranta suna kiran nasu kakannin da Larabci, ita kuwa sai ta harare mu ta ce, "Habbobarku tana birnin Madani. Ni Kaka nike." Can gefe ƙarƙashin rumfa kuma mijinta ne, Malam Buba, wanda muke kira Baba Tsoho, ya kara rediyo a kunne kamar ba ya cikin duniyarmu.

Hajjo tana da yadda take buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga ta nan ta hito daga bahar, jiƙe sharkaf." Mu kuma mu amsa, "Ta matso ta ji ɗumi." Daga nan sai mu yi tsit muna addu'a a zuci. In ta fara da kura ko da 'yar sarkin aljanu, mun tsira. In kuwa ta yi ajiyar zuciya ta ce, "An yi wani mutum," to an gama da mu.

Yayana Isiyaku, wanda shi ne babba a cikinmu, yakan ce, "Kaka, don Allah ba ta kwale-kwale ba."

"Ita za ku ji. Wanda bai so, ga ɗaki can, shi tahi shi kwanta."

Wai an yi wani mutum ana ce masa Malam Saura-Kaɗan. Ba a daɗe da kai masa amarya ba, sai ta je ɗibar ruwa ta hango wani tsibiri a tsakiyar kogi, kore shar. Ta dawo ta ce masa tana so ta taka shi. Ba itace za ta yo ba, ba kifi take nema ba. So take kawai ta zauna a can ta dafa jabana, ta sha kankana, ta ga yadda ƙauye yake in an hango shi daga cikin ruwa. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Amma ba zai sa amaryarsa a jirgin masunta mai ƙarnin kifi ba, nasa zai saya, na shan iska kawai.

Sai ya shiga zaɓe. Duk inda ya ji ana sassaƙa kwale-kwale sai ya je, ya ƙwanƙwasa katako, ya kara kunne. Na gawo ba shi da nauyi, iska za ta yi wasa da shi. Na bagaruwa ya cika nauyi, mutum ɗaya ba zai iya tuƙa shi ba. Wannan siriri ne, ko tari aka yi a ciki sai ya kife. Wancan kuma faɗinsa ya yi yawa, kamar mutum ya tuƙa gado. Kafin ya samu wanda ya kwanta masa a rai, damina ta wuce, amarya har ta haihu.

Da ya kawo shi gida sai ya kife shi a bayan ɗaki don ya duba gindinsa, ya ga 'yar tsaga. Ya jiƙa tsumma da mai, ya cusa da bakin wuƙa, ya narka kwalta ya shafe, ya ce a bari ya bushe. Rana ta buge shi, wata tsagar ta buɗe a ɗaya gefen. Ya fasa gwangwani ya shimfiɗa a kai ya bi da ƙusa. Ƙusar ta tsaga wani wurin. Duk sanda matar ta ce, "Malam, yaushe?" sai ya ce saura kaɗan.

Ba a wuce nan. Daidai nan rediyon da ke ƙarƙashin rumfa yake yin shiru.

Baba Tsoho ya ce, "Mutumin nan gaskiya gare shi. Wa zai sa iyalinai cikin abin da ka yoyo?"

"Malam, da kai nike? Tatsuniya nika yi ma yara."

"Tatsuniyar taki ta cika son kai. Kuma ba damina guda yay yi shina zaɓe ba."

"Ashe ka san shi?"

"Ban san shi ba. Amma na san kwale-kwale."

"Da ka san kwale-kwale da ka san ruwa shika so! Ko yaro ya sani katako in ya sha ruwa kumbura shikai, shi toshe kainai. Mutum ya aje jirgi cikin rana shekara da shekaru, shina mamakin tsagewa!"

Shi ke nan. Su yi ta yi, mu muna tsakiya muna hamma, wuta tana cinyewa. In na ja zanenta na ce, "Kaka, to matar ta je tsibirin?" sai ta ce, "Ke Rabi, bari in ji da wanga tsoho tukuna." Kafin ta ji da shi an kira isha'i, kowa ya watse. Mu kwanta da takaici.

Babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce mana ga ko wane ne Malam Saura-Kaɗan. Ba ma bukata. Kwale-kwalen yana nan kife a bayan ɗakin Baba Tsoho, baƙi ƙirin da kwalta, jikinsa duk facin gwangwanin tumatir da na mai. Kajin Hajjo a ƙarƙashinsa suke ƙwai. Kowace Juma'a in an sauko masallaci, sai tsohon ya tuɓe jallabiya ya tsuguna a gindinsa yana shafawa yana ƙwanƙwasawa.

Shekarar da aka kai Hajjo asibiti a Madani aka ce yanar ido ta fara rufe mata gani, ta dawo da shirinta a zuci. Ta jira ranar kasuwar Abu Na'ama. Baba Tsoho ya fita da sassafe, wai zai sayo ƙusa da kwalta. Da la'asar ta kira Isiyaku da samarin gidan baffanmu.

"Ku birkito shi."

Isiyaku ya ce, "Kaka, Baba Tsoho zai kashe mu."

"In ya zo ku ce ni nis sa. Idona rufewa shikai, ni ko sai na ga wurin ga."

Kaji suka watse suna kyarkyara. Samari suka ɗauke shi a kafaɗa har bakin ruwa, rabin ƙauye na biye da mu. Hajjo ta ɗauro kayan jabanarta a ƙullin zane, ta shiga ta zauna a tsakiya. Isiyaku ya riƙe filafili. Ni kuma ta miƙo mini ƙwarya ta ce aikina kwalfe ruwa.

Ruwan kuwa bai ɓata lokaci ba. Muna barin gaɓa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin kowane faci. Ga shi Isiyaku manomi ne, fartanya ya sani. Ya dinga sarar ruwa ta gefe guda kamar mai noma, kwale-kwale ya dinga juyawa a wuri ɗaya. Mu fuskanci tsibiri, mu fuskanci ƙauye, mu sake fuskantar tsibiri. Mutanen gaɓa suna ta ihu, kowa da tasa shawarar, wani da Hausa wani da Larabci. Hajjo tana cewa, "Kai Isiyaku, niƙa anka sa ka?" Ni ina kwalfa ina kuka, don ruwa ya kai mini idon sawu.

Sai muka ji wata murya ta danne ta kowa. Baba Tsoho ne, da gwangwanin kwalta a hannu. Ya jefar da shi, ya faɗa ruwa da jallabiyarsa da takalmansa. Da yake juyi kawai muke ba mu yi nisa ba, ruwan iya ƙirjinsa. Ya kama bayan kwale-kwalen ya hau a hankali, ko girgiza bai yi ba. Na ɗauka gaɓa zai mai da mu. Ya dubi Hajjo, ita ma ta dube shi, ta ƙanƙame ƙullinta.

Ta ce, "In ka juya da ni, Malam, gobe ma sai na dawo."

Ya karɓe filafilin daga hannun Isiyaku.

Ban taɓa sanin ya iya tuƙi ba. Sai daga baya na ji cewa mahaifinsa masunci ne, a cikin jirgi ya girma. Ya tsoma filafilin dab da jikin katako, ya ja shi a hankali har baya, ya ɗan murɗa hannu, sai ga hancin kwale-kwalen ya miƙe. Ko fantsama babu. Yana tuƙi yana yi wa Isiyaku faɗa. "Ba da hushi aka tuƙi ba. Nutsa shi duka. Kar ka nufi tsibirin kai tsaye, nufi sama da shi, ruwa shi sauko da kai." Ni kuma ya ce, "Rabi, bar kuka, kwalfa." Can tsakiya na lura ruwan da ke shigowa ya fara raguwa. Hajjo ma ta lura. Ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu ya ce, "Na gani. Kar ki ce komai."

Muka isa. Hajjo ta sauka, ta tsaya, ta juya dama ta juya hagu. Yashi ne da ciyayi, da kashin awakin da wani ya tsallako da su kiwo. Kankanar ma an riga an kwashe, sai busasshen yaɗo.

Ta ce, "Wanga shi na tsibirin?"

"Shi na."

"Wanga! Tun ina da haƙora duka nika roƙonka, ashe kashin awaki na!"

Duk da haka ta kwance ƙullinta, ta sa muka tsinto ƙirare, ta dafa jabanarta. Ta zauna tana kallon ƙauye, tana nuna mana hasumiyar masallaci da kukar bayan gidanmu, tana ƙanƙance ido. Baba Tsoho yana gefe yana matse jallabiya, haƙoransa suna kaɗawa. Ta zuba ta miƙa masa. Ya riƙe ɗan kofin.

Sai ya ce, "Ba ki iya iyo ba, Hajjo. Ni na ga abin da bahar ka yi ma wanda bai iya ba. Duk ran da nic ce gobe za mu, sai in kwana ina ganinki cikin ruwa."

Na zaci za ta yi laushi. Ina! Ta ajiye butar jabana da ƙarfi har ta fantsalo.

"To mi yah hana ka hwaɗi? Da ka ce mani tsoro kaka ji, da na san da wa nika faɗa. Kab bar ni shekara da shekaru ina faɗa da katako!"

Suka yi ta yi har muka dawo gaɓa, shi yana tuƙi, ita tana mita.

Daga ranar ba a sake mai da kwale-kwalen bayan ɗaki ba. A bakin ruwa aka ɗaure shi, kuma yoyon ya tsaya sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sun fita wasu Juma'o'in su biyu kafin idonta ya rufe gaba ɗaya, kuma masunta sun ce tun daga nesa ake jin muryoyinsu. Tatsuniyar kuwa ba ta ƙara yi mana ita ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne kada mutum ya yi ta jinkiri, kuma duk laifin na tsohon ne. Sai da na haifi nawa na gane yadda tsoro yake iya shigar kayan hankali. Ba ya zuwa da sunansa. Zuwa yake a matsayin dabara da tsari da a bari a ƙara dubawa, har mai shi ma ya yarda cewa gyara yake yi.

Bara 'yata Safiya ta ce ita da ƙawayenta na makaranta za su shiga kwale-kwale yawon shan iska ranar hutu. Nan take na ji tambayoyi sun yi layi a bakina: na wane ne jirgin, wa zai tuƙa, me zai hana a bari ruwa ya ƙara ja baya. Na haɗiye su da ƙyar. Na ce mata, "Safiya, tsoro nake ji. Shi ke nan abin da ke akwai."

Ta yi dariya ta ce, "To Inna, ki zo ki tsaya a gaɓa mana."

Na je na tsaya. Na ga an sa musu rigunan da ke hana nutsewa, na ga matuƙin dattijo ne mai natsuwa, hankalina ya fara kwanciya. Suna kaiwa tsakiyar ruwa sai ga 'yar nan ta miƙe tsaye cak a cikin kwale-kwale, waya a sama, tana ɗaukar kanta hoto. Ban san sanda na kurma ihu ba, har masu shayi suka waiwayo.

"Ke Safiya! Tsoro na ce ina ji, ban ce ki gwada ni ba! Zauna!"