Mai Sallama a Ƙofar Gidansa

A unguwarmu ta birnin Tetuwan har yau ana tuna ranar da Si Mufaddal ya yi sallama a gidan da babu kowa.

Tsohon tela ne, yana zaune a hawa na huɗu, gwiwoyinsa kuwa sun gaji. Ya so ya sayar da tsohon gidansa da ya daɗe a hannun 'yan haya, ya sayi ɗaki a ƙasa. Aka ce masa wanda ke zaune a gidansa ba ya biyan harajin riba idan ya sayar da shi. Da 'yan haya suka tashi, sai ya kai katifa da butar shayi don a ga kamar can yake zaune, ya gayyato jami'in haraji.

Suna isa, ga mukulli a aljihunsa, sai ya ƙwanƙwasa kamar yadda ya saba, ya koma gefe ya sunkuyar da kai, ya ce, "Masu gida, a shigo?"

Jami'in ya yi murmushi kawai. Bayan an cire haraji, kuɗin gidan bai kai na ɗakin ƙasa ba.

Wajen shan shayi mukan ce, "Kawu, yau an buɗe maka?"

Yakan shafa gwiwa ya ce, "Ku ƙyale ni. Bakina ya koyi ƙarya a mako guda, hannun nan ne daƙiƙi."