Dunoma Soja da Wayar Fitilar Baya

A Gwiwa an fi sanin Dunoma da Soja. Gidansu Barebari ne, kakansa ya taso daga gabas da fataucin kanwa, ya ga wuri ya zauna. Dunoma yana saurayi aka ɗebe shi yaƙin Turawa, aka kai shi ƙasar Bama can ƙetaren teku, inda ya riƙa kai saƙo a kan babur daga sansani zuwa sansani. A can ya koyi kwance inji da ɗaurawa. A can kuma harsashin igwa ya fashe kusa da shi. Ya dawo gida da hannuwansa da ƙafafunsa lafiya, amma kunnuwan sun tafi. Ko ganga aka buga a bayansa ba zai waiwayo ba.

Ya kafa rumfar gyaran keke a bakin kasuwa. Mutane sukan nuna masa abin da ya lalace da yatsa, ya gyara, su tafi. Hira kuwa babu. Yayarsa Ya Kaka ce ta ga zaman ya yi masa yawa, ta nema masa auren Gumsu, wata bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda mijinta na fari ya rasu.

Gumsu mace ce mai haƙurin magana. Ta gano cewa in ta tsaya a gabansa ta yi magana a hankali, yana kallon leɓenta, yakan tsinci abin da take faɗa. Da sannu ya saba da bakinta har ba ya rasa ko kalma. Bakin kowa ban da nata, sai ya gan shi yana motsi kawai. In baƙo ya zo da zance mai tsawo, sai a shiga da shi zaure, Gumsu ta tsaya daga bakin ƙofa ta maimaita wa mijinta. Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata Baraka.

Wani tsohon babur ya zo hannunsa daga wani Kwara, wato Balaraben ɗan kasuwa, mai sayen gyaɗa, wanda ya gaji da shi ya jingine a bayan sito, kaji suna kwana a kai. Dunoma ya turo shi har gida. Ya shafe damina guda yana wanke shi, yana sauya abin da ya ruɓe. Ranar da babur ɗin ya tashi, shi Dunoma bai ji ba, sai dai rawar ƙarfen a tafin hannunsa da yaran unguwa da ya gani sun watse da gudu. Daga nan Gumsu ta zama kunnensa a wajen inji. Yakan tayar da shi a tsakar gida, ita tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, “Malam, yau tari yake yi,” ko kuma, “Yau muryarsa fes.” Shi kuma ya san inda zai taɓa.

Ciwo ɗaya ne ya gagare shi. A ƙarƙashin sirdi akwai fis, wato 'yar siririyar waya a cikin 'yar kwalba, wanda aikinsa shi ne ya ƙone in wuta ta kauce hanya, don kada ta cinye sauran wayoyin. Sai ya yi makonni yana hawa lafiya, rana ɗaya fis ya ƙone, babur ya mutu a tsakiyar hanya. Ya duba batir, ya kankare bakin wayoyin da suka yi tsatsa, ya kwance fitilar gaba, ya bi wayoyin da ke ƙarƙashin tanki ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Bai ga komai ba. Yakan ba direbobin motar gyaɗa sautun fis daga Kano, ya zuba a gwangwanin taba.

Wata rana ya ɗora buhun gero a baya zai kai wa Ya Kaka, yana tayarwa fis ya ƙone. Gumsu ta zo gabansa ta ce, “Malam, na ji wani ɗan sauti ƙas, kuma daga baya ya fito.”

Ya yi dariya ya ce, “Me ke baya? 'Yar fitila ce kawai, ita ma ba ta kawo haske.”

Ta ce, “To, ni dai abin da na ji ke nan.” Ta koma kan tukunyarta.

Bazarar da sanƙarau ya shigo ƙasar, gidaje da yawa sun yi makoki. Gumsu ta tashi da ciwon kai, kafin hantsi wuyanta ya sandare, ba ta iya kallon haske. Ya Kaka ta zo da rubutu da jiƙo, ba su yi ba. An ce akwai maganin da ake bayarwa a ɗakin magani na Kazaure, wanda ya isa da wuri yakan tashi. Dunoma ya miƙa Baraka ga yayarsa. Aka ɗora Gumsu a bayansa, Ya Kaka ta ɗaure su tare da rawani, ta lulluɓe mata kai.

Sun yi nisa da gari, babur ya faɗa wani rami ya mutu. Ya kwance rawanin, ya kwantar da ita a gefen hanya, ya sauya fis, ya taka, ya tashi. Ya ɗaga ta da ƙyar, ya sake ɗaurewa. Ba su wuce gonar da ke gabansu ba ya sake mutuwa. Haka ya yi ta yi, kwancewa da ɗaurawa, rana tana hawa, jikinta a bayansa kamar garwashi, har gwangwanin ya zama wayam.

Ya ɗauke ta ya kai ta inuwar wani gawo. Wata Bafillatana mai tallan nono ta biyo hanyar, ta ga halin da suke ciki, ta sauke ƙwaryarta.

Ya ce, “Adda, don Allah riƙe min ita. Ni kurma ne, ba na ji.”

Matar ta zauna ta ɗora kan Gumsu a cinyarta, tana ɗiga mata ruwa a baki.

Dunoma ya tsaya a kan babur ɗin yana haki. In shi kaɗai ne yakan tashi, sai ta hau yake mutuwa. Sai ya tuna ranar buhun gero. Ya danna bayan babur ɗin da ƙirjinsa, ya zura hannu ƙarƙashin ƙarfen da ke rufe tayar baya. Nan ya taɓo ta. Wayar 'yar fitilar nan ce, ta goge har jan ƙarfenta ya fito, in nauyi ya sauka sai ƙarfe ya matse ta. Ya shinshina yatsunsa, ƙaurin roba. Ya zaro wuƙa ya yanke wayar, ya fiƙe ta, ya zare sili ɗaya daga cikinta ya naɗa a gurbin fis.

Yana cikin haka matar ta jefo masa tsakuwa. Ya waiwaya, ya ga tana yafito shi da sauri. Gumsu ta buɗe ido, tana magana. Ya durƙusa a gabanta yana kallon bakin da ya sani, amma haƙoranta sun cije, leɓen ba ya buɗuwa. Matar ta kai kunne, ta saurara, ta ɗago ta faɗa masa. Bai gane ba. Ta sake faɗa da ƙarfi, har jijiyar wuyanta ta fito. Ta nuna shi, ta nuna hanyar da suka fito, ta dafa ƙirjinta.

Ya ce, “Adda, a hankali. Sake faɗa.”

Ta sake. Ya girgiza kai, hawaye suna zuba. Gumsu ta rufe ido. Babu lokacin tsayawa, matar ta taimaka masa ta ɗaure su, ya taka babur, bai ƙara mutuwa ba har Kazaure.

Malamin magani ya karɓe ta, ya yi abin da zai iya. Ba ta farfaɗo ba. Washegari da la'asar ta cika, aka binne ta a can, don ba a yarda a ɗauki gawar mai sanƙarau zuwa wani gari ba.

Bayan sadakar bakwai ya je wurin wani maƙwabcinsa, Malam Halliru, ya roƙe shi ya raka shi, don ya zama mai ji masa. Suka hau babur suka bi rugagen da ke tsakanin Gwiwa da Roni suna tambayar wata mai nono da ta taimaki mara lafiya a gindin gawo, don ta faɗi abin da Gumsu ta ce. Bai san sunanta ba, sai kamanninta: doguwa, da wushirya. A wata ruga aka ce an san ta, amma sun tashi da shanunsu sun yi kudu neman ruwa. Ya jira damina. Da ruwa ya sauka ya koma, ya tarar wasu ne a wurin. Shekara da shekaru, duk ranar kasuwa yakan bar rumfarsa ya zaga layin masu nono yana duba fuskoki.

Ya Kaka takan dafa shi, ta nuna Baraka, wato ai amanar yarinyar ce Gumsu ta bar masa, me kuma za ta ce? Shi dai yakan ce, “Wataƙila, Yaya.”

Bai sake aure ba. Da ƙarfinsa ya ragu ya bar wa Malam Halliru babur ɗin, ya koma noman gero a gonar gado. Ya aurar da Baraka a Roni, ya ga jikansa na fari. Ya rasu da kaka, shekaru bayan Turawa sun tafi. Ya Kaka, wadda ta girme shi, ita ta rufe masa ido.