Kayan Ɗakina a Mansur

A falon gidan hayarmu a unguwar Mansur da ke Makka aka ɗaura mana aure. Malamin unguwa ne ya ɗaura, da shaidu biyu da dabino a faranti. Ba a kai maganar ofis ba, don mijina ɗan ƙasa ne, haifaffen Makka, ni kuwa umara na zo na zauna, ba ni da igama, wato takardar izinin zama. Ya ce za a gyara takardu daga baya. Muka kwashe shekaru ana za a gyara.

Kayan ɗaki ni na yi abina, yadda mace ke zuwa da nata a Kano. Uwata ba ta kusa balle ta yi min, sai na zama uwar kaina. Da wainar da nake soyawa a ƙofar gida na sayi katifa da kujeru da sif. Firji kuwa girkin alhazai a Mina ne ya kawo shi. Mijina dariya yake min, wai bai taɓa ganin amaryar da ta shimfiɗa wa ango gida ba. A nan namiji ke saka komai, har cokali.

A wurin aiki ya faɗi ya rasu, aka ce zuciya ce. Da aka share makoki yayarsa ta zo daga unguwar Zahir, ta zagaya ɗakunan.

"Afshin nan na marigayi ne," ta ce, tana nuna kayan. "Gobe zan turo mota. Magada za su raba."

"Yaya, ni na saya."

"Ya uhti, wace mace ke sayen afshi? Namiji ke kawowa, kowa ya sani."

Ba ƙarya take yi ba. Iyakar abin da ta tashi ta gani ke nan.

Maƙwabciyata ta kira min wani ɗan'uwanta da ya san kan kotu. Ya ce kafin alƙali ya tambayi firji, zai tambaye ni ko ni wace ce a gidan. Malamin ya rasu, shaida ɗaya an mai da shi Nijeriya, ɗayan ba a san inda yake ba. A wurin hukuma ni mace ce da ta zauna da namiji ba aure, kuma ba igama.

"Ki haƙura, Hajiya," ya ce. "Kada garin neman gira a rasa ido."

Washegari 'yan dako suka zo. Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba. Ni na nuna musu yadda ake kwance ƙofar sif don kada madubin ya fashe. Na kwashe ƙullun waina daga firji na jera a ƙasa.

Yayar mijina ta bar min darduma da buta da tukunya ɗaya. A bakin ƙofa, tana gyara niƙabi, ta juyo.

"An biya haya har bayan Hajji. Ki zauna nan ki gama takaba, kada in ji an gan ki a titi. Matar ƙanena ce ke, haƙƙinsa ne a kanki."

Na ce to. Na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa inda kujera take a da.